MAI GOYO DA ALLURAR BARCI

Wannan takarda domin mata masu goyo ce, da mazansu, da iyayen gida na ƙasar Karaye da Rogo. Wanda ya iya karatu ya karanta wa na cikin gida. Magana ce a kan abin da ya kamata a yi in ciwo ya kama mai shayarwa, har likita ya ce sai an yi mata aiki.

1. Inda matsalar ta ke

Mu ma'aikatan disfensare mun sha ganin abu biyu. Wata mace haƙori ya rube, ko ƙurji ya fito mata a nono, ko ciwon ciki ya matsa, amma sai ta ƙi zuwa asibiti, wai kada a yi mata allurar barci nononta ya ɓaci. Tana daurewa har ciwon ya ci ƙarfinta. Wata kuwa ta je an yi aikin lafiya lau, da komowa gida sai tsofaffi su ce nono ya sha magani, a cire yaro. Sai a koma ba ɗan wata uku koko da ruwan rijiya. Kafin mako ya zagayo zawo ya kama shi, uwa kuma nono ya kumbura, ga zazzaɓi.

Duk biyu kuskure ne. Ku riƙe wannan: aikin asibiti ba ya hana shayarwa. Yaye yaro farat ɗaya ya fi allurar barci haɗari nesa ba kusa ba. Alƙur'ani mai girma ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a ba jariri nono zalla har wata 6, ko ruwa kada a haɗa masa.

2. Allurar iri uku ce

Ta fari, ita ce ta kashe wuri ɗaya, irin wadda a ke yi in za a cire haƙori, ko ɗinke rauni, ko tsaga ƙurji. Idonki biyu za a yi a gama. Da kin fito sai ki ba yaro nono, ba jira.

Ta biyu, ita ce allurar baya. Tana kashe jiki daga cibiya zuwa ƙasa. Ita a kan yi wa yawancin matan da za a ciro wa ɗa ta ciki. Wannan ma ba ta hana shayarwa. A sa jariri a nono da wuri, cikin awar fari in hali ya yi, domin ya sami dakashi. Dakashi ba dauɗa ba ne, shi ne rigakafin yaro na farko, kada a zubar.

Ta uku, ita ce ta barci sosai, wadda ba ki san inda ki ke ba sai an gama. Ita mutane suka fi tsoro. To, ga yadda ta ke. Maganin yana bin jini ya hau ƙwaƙwalwa, sai barci ya ɗauke ki. Da an daina ba ki shi, sai ya janye, ki farka. Farkawarki ita ce shaidar maganin ya ragu a jininki. Nono kuwa daga jini a ke yinsa, abin da ke tsallakawa cikinsa ɗan kaɗan ne ƙwarai, bai isa ya sa yaro barci ba. Saboda haka da kin wartsake, kin gane mutane, kina iya riƙe ɗanki, sai ki ba shi. Ba sai an tatse nonon fari an zubar ba. Dā can likitoci su kan ce a dakata kwana guda, amma bincike ya kawar da wannan. A 2020 ƙungiyar likitocin allurar barci ta Ingila ta fitar da ƙa'ida a rubuce, ta ce mai shayarwa ta ci gaba da zarar ta farfaɗo.

Hoton ƙashi da hoton ciki su ma ba su taɓa nono.

3. Kafin ranar aiki

Ko a babban asibitin Karaye ne, ko na Rogo, ko an tura ki Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano cikin birni, maganarki ta fari ga likita ita ce: "Ina shayarwa." Ki faɗi watannin yaron. In bakwaini ne, ko yana da shawara, ko bai cika wata ba, lalle ki faɗa, domin irin waɗannan ba su da ƙarfin jure magani kamar manyan yara. Kada kunya ta hana ki. Likita ba ya sanin gaibu, sai kin faɗa zai zaɓa miki maganin da ya dace.

Maigida, kai kuma ga naka aikin. Ka nemo babbar mace, ko kakar yaro ko gwaggonsa, ta raka su ta riƙe shi. Kada a bar jariri a ƙauye, a Zarewa ko Turawa, uwa tana birni kwana da kwanaki.

Za a hana ki abinci kamar awa 6 kafin aiki, domin kada amai ya sarƙe ki cikin barci. Wannan doka taki ce, ba ta yaro ba. Ki ba shi ya sha ya ƙoshi dab da shigarki. In aikin mai daɗewa ne, ki wanke hannu da sabulu, ki tatsa cikin kofin da aka tafasa, a rufe, a ajiye a inuwa. A zafin ƙasarmu kada ya wuce awa 4. A ba shi da kofi ko ƙaramin cokali mai tsabta.

4. Bayan aiki: maganin zafi

A nan ne haɗarin gaske ya ke, ba a ɗakin fiɗa ba. In an sallamo mace, miki yana zogi, sai a aiki yaro kemis ko wajen mai tallan magani a kasuwa, a ce a ba da mai ƙarfi. Kada ku yi haka.

Farasitamol, watau Panadol, ba ya cutar mai shan nono. Ibuprofen ma haka, in likita bai hana ki shi ba saboda gyambon ciki. Amoxicillin, da Flagyl da a kan bayar don kada miki ya ruɓe, ki shanye su duka yadda aka ce. Watakila bayan gidan yaro ya ɗan yi ruwa, wannan ba dalilin cire shi ba ne. Maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem ma ana sha ana shayarwa.

Amma ki guji kodin da taramol. Hanta ita ke juya kodin ya zama wani magani mai ƙarfi, na waɗansu mutane kuwa tana juyawa da sauri fiye da kima, ba a kuwa gane su da ido. In mai goyo tana cikinsu, ƙarfin ya kan bi nono ya danne numfashin yaro. A 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kada mai shayarwa ta sha ko ɗaya cikin biyun. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi Nijeriya. Asfirin ma ki bar shi don ciwo, haka ƙwayar barci irin su Valium, da kafson Chloramphenicol, sai in likita ne ya rubuta, ya kuwa san kina goyo. Septrin da Fansidar a yi tambaya tukuna in yaro bai cika wata ba ko yana da shawara.

Jiƙe-jiƙe da sassaƙe ba wanda ya auna ƙarfinsu, kada a haɗa su da na asibiti. Wankan jego kuma a dakata da shi a kan ɗinki sai likita ya yarda.

5. A sa ido kwana guda

Daren fari kada ki kwanta da jariri a shimfiɗa ɗaya, domin nauyin barci bai gama sakinki ba, kina iya danne shi ba ki sani ba. Mai jinya ta miƙo shi ya sha, ta karɓe. A lura da shi. In ya yi barcin da ba a iya tashe shi, ko ya saki nono ya kasa tsotsa, ko jikinsa ya yi laƙwas, ko numfashi ya yi sanyi, ko leɓe ya canja launi, a dakatar da nonon, a garzaya da shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. A tafi da kwalin maganin da uwar ta sha.

6. Inda a ke dakatarwa

Akwai wuri kaɗan da likita zai ce a tsaya, kamar maganin ciwon daji, da wani magani mai tururi da a ke ba masu ciwon maƙoƙo a manyan asibitoci. Wannan hukuncin likita ne, ba na maƙwabta ba. In ya ce dakatawar ta 'yan kwanaki ce, ki riƙa tatsewa kamar sau 8 a yini da dare kina zubarwa, domin kada nono ya ƙafe, yaro ya komo ya tarar da abincinsa. In kuwa ƙurjin nono aka tsaga, ki ci gaba da ba shi lafiyayyen, mai ciwon kuma a riƙa tatsewa har ya iya kamawa.

To, jama'a, abu uku za ku riƙe. A gaya wa likita ana shayarwa. In uwa ta wartsake a ba yaro nono. Kada a sayo maganin zafi a kasuwa. Wanda bai gane wani abu ba ya zo disfensare mafi kusa ya tambaya, tambaya ba a biyan kuɗinta. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya raya mana zuriya, amin.