Ofis Ya Tare, Ma'aikaci Fa?

Jama'a, tun farkon 2024, lokacin da aka ba da sanarwar mayar da hedikwatar Hukumar Kula da Filayen Jiragen Sama daga Abuja zuwa Legas, Babban Bankin Najeriya shi ma ya tura wasu sassansa can, ake ta ce-ce-ku-ce a kan ɗauke ofisoshin gwamnati daga babban birni. Wannan takarda ba don shiga waccan gardama aka rubuta ta ba. An rubuta ta ne don jan kunne a kan wata cuta da kan bi ofisoshin da aka fitar daga babban birni, na ƙasa ne ko na jiha.

Abin a kan kansa ba laifi ba ne. Hedikwatar hukumar jarrabawa ta NECO a Minna take, ta Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Ƙasa tana Lokoja inda Kwara da Binuwai suka haɗu, Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa kuwa tana Kaduna, kuma duk aiki na tafiya. Garin da aka kai wa ofis yakan samu masu haya, kasuwa ta motsa, mai sayar da abinci da ɗan acaɓa su samu na cefane, talaka kuma ya huta da doguwar tafiya.

Amma mu tuna da abin da ya faru a Jigawa. An yanke jihar daga Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, aka sa hedikwata a Dutse. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, aka rarraba ma'aikatu zuwa manyan garuruwan jihar, da nufin kowace masarauta ta ɗanɗana arzikin gwamnati, kada Dutse ta cinye komai ta bar Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim suna kallo. Da Sule Lamido ya hau a 2007, sai ya tattaro ma'aikatun ya mayar da su Dutse. Kowa da irin bayanin da yake bayarwa, gwargwadon jam'iyyarsa. Abin da ba a musu a kai shi ne, tun daga ƙirƙiro jihar, ma'aikata da yawa iyalinsu na Kano, can suke kwana, can suke tashi.

To, ga cutar nan: ƙin tarewa. A kai ofis gari, a kafa allo, a shafa fenti, a yanka ƙyalle, amma ma'aikacin ya ƙi zama a garin.

Ku ɗauki misalin aure. An kai gaisuwa, an kai lefe, an biya sadaki, waliyyai sun ɗaura aure a gaban shaidu, an raba goro da alewa. Dangin amarya sun zo sun yi jere, gado da katifa, labule, kwanuka a jere har rufi, an turare ɗaki. Sai amarya ta ce ita fa tana gidansu, za ta riƙa leƙowa ranar Talata da hantsi ta koma Alhamis kafin la'asar. Maƙwabta na wucewa suna yaba ɗaki, ango kuwa yana sayen tsire a bakin titi don ya kwana da wani abu a ciki. Wa zai ce wannan mutum yana da mata? Har gara ma gwauro, don shi ya san matsayinsa, bai kuma kashe kuɗin lefe ba. Haka garin da aka kai wa ofis ba ma'aikata yake: an yi masa buki, an ci kuɗin jama'a wajen gini da kujeru, ba a ba shi komai ba.

Ku dubi wanda abin yake faɗa wa. Dattijo ne ya yi ritaya daga koyarwa, yana neman a sa hannu a takardar fanshonsa. Ya sayar da kwano biyu na gero ya yi kuɗin mota, ya naɗe takardunsa a leda ya sa a aljihun gaba, ya yi sammako. Ya iso ƙarfe tara, ya tarar da maigadi a kan benci da masinja yana sauraron rediyo. "Baba, oga bai shigo ba, yana hanya." Ya yi azahar a masallacin ofis, ya dawo ya zauna a gindin darbejiya. Ƙarfe uku aka ce masa, "Sai dai ka dawo wani satin." Da can, da ofis yake babban birni, tafiyar da nisa, amma yana tarar da mutum a kan kujera. Yanzu an kawo masa ofis kusa, an ɗauke masa ma'aikaci.

Kai ma'aikaci, da kai ake! Albashin da ke shigo maka kowane ƙarshen wata na kwana biyar ne a mako, daga ƙarfe takwas zuwa lokacin tashi. In ka yi kwana biyu ka karɓi na biyar, ragowar ukun da me ka halatta su? Da kuɗin nan kake sayen abincin 'ya'yanka, da shi kake yin layya, wani ma da shi yake biyan kujerar Makka. Malamai sun sha gaya mana cewa aiki amana ne, kuma haƙƙin bawa ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Ina za ka samo dattijon nan ka roƙe shi gafara, alhali ko fuskarsa ba ka gani ba? Wanda kuma yake sa wa abokinsa hannu a rajistar zuwa aiki, ya sani shaidar zur ya yi, ko da ya kira ta zumunci. Ban da hisabin gobe, dokokin aikin gwamnati ma sun ɗauki rashin zuwa aiki ba izini a matsayin babban laifi da kan kai ga kora. Abin takaici, wasu manyan da ya kamata su tsawatar su ne kan gaba wajen bin hanya tun ranar Alhamis. To, yaya ƙaramin akawu zai zauna?

Mun ji uzurin: ba gida mai kyau, ba makarantar yara, uwargida na aiki a birni. Akwai gaskiya a ciki, kuma nan ne hukuma ke da nata alhakin. Kafin a ɗauke ofis, a tanadi gidaje da ruwa da wuta, a biya kuɗin canjin wurin aiki a kan kari. Sai dai uzuri ba ya mayar da haram halal. Wanda ba zai iya tarewa ba, ya nemi canji ta hanyar da doka ta tanada, ya bar kujerar ga mai iya zama.

Sauran matsalolin sanannu ne. Fayil kan yi ta yawo a bayan mota tsakanin ma'aikatar da ke nesa da ofishin Akanta Janar, wani ya ɓace, wani ya jiƙe. Kwamishina na kan titi kullum saboda zaman majalisar zartarwa, kuɗin mai da alawus na tafiya su cinye abin da aka ce za a tara. Wani lokaci kuma siyasa ce ke zaɓen garin, ba buƙatar aiki ba. Ko a Turai an gani: a 2003 ƙasar Ayalan ta shirya fitar da ma'aikata fiye da 10,000 daga babban birninta zuwa garuruwa 53, kusan kashi ɗaya cikin uku kawai aka iya kaiwa, a 2011 aka soke shirin.

Ku kuma mutanen gari, kada ku ninka kuɗin haya don kun ga baƙi masu albashi, ku kore su da kanku. Ku karɓe su hannu bibbiyu. Amma in kun je ofis a lokacin aiki kun tarar da shi a rufe, kada ku ce Allah ya isa ku juya. Ku rubuta rana da lokaci, ku sanar da hakimi, ku kai ƙara ofishin Shugaban Ma'aikata ko Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda ke da ofis a kowace jiha, kuma ba a biyan ko kwabo.