Labarun Komawa Zamanin Da

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, akwai wani irin gajeren labari da Turawa ke so ƙwarai, watau labarin mutumin da ya shiga wata na'ura ta kai shi zamanin da ya wuce, ko kuwa wanda bai zo ba tukuna. H. G. Wells, mutumin Ingila, shi ya yi suna da wannan na'ura a littafinsa The Time Machine na 1895. Amma wanda ni ke so mu duba shi ne "A Sound of Thunder", wanda Ray Bradbury na Amurka ya fitar a 1952.

Ga yadda ya ke. A shekarar 2055 wani kamfani na kai maharba baya, shekara miliyan 60, su harbi manyan dabbobin nan da a ke kira dainoso. An shimfiɗa musu wata hanya wadda ba ta taɓa ƙasa, aka gargaɗe su kada kowa ya sauka daga kanta. Dabbar ma da za su harba, sai wadda aka tabbata ajalinta ya riga ya zo. Jagoransu ya faɗi dalili: in ka kashe ɓera ɗaya ka kashe jikokinsa duka, dilan da zai ci su ya mutu da yunwa, haka har abin ya iso ga mutum.

To, wani maharbi wai shi Eckels da ya ga dodon, sai tsoro ya kama shi, ya ratse daga hanya. Da suka komo gida, suka tarar rubutun allon ofis ya sake, wanda kuwa ya faɗi zaɓen shugaban ƙasa shi ne ya ci. Eckels ya duba takalminsa, sai ga mataccen malam-buɗe-littafi cikin taɓo.

Ni dai ina ganin Bradbury ya yi rangwame. In har ƙwaro ɗaya ya isa ya juya zaɓe bayan shekara miliyan 60, me zai sa ofishin da mutanensa su tsira? Duk da haka labarin na da amfani ga mai koyar da tarihi, domin yara kan haddace shekaru ba tare da sanin abin da ya jawo wani abu ba. Ku karanta musu shi, sa'an nan ku ce kowa ya rubuta shafi guda: da Lugga bai haɗe Kudu da Arewa a 1914 ba, ina za su ke yau? Wanda ya kawo canji bai kawo sanadinsa ba, a mayar masa da takardarsa ya sake.