Gasar Jan Nauyi: Yadda Ake Shirya A-kori-kura Mai Ja da Tayoyin Baya

Tambaya: Malam, ina zaune a jihar Ohio ta Amurka, kuma na fara shiga gasar jan nauyi a bikin manoman yankinmu da a-kori-kura mai ja da tayoyin baya kaɗai. Injina yana da ƙarfi, amma kafin in kai rabin fili sai tayoyi su riƙa juyawa a banza, wani lokacin kuma gaban motar ya yi sama. Ƙarfin inji zan ƙara?

Amsa: Ɗan'uwa, ka riƙe kuɗinka tukuna. Ƙarfin da kake da shi ma bai gama isa ƙasa ba, kuma matsalarka tana cikin rabon nauyi ne da wurin maƙala sarƙa.

Fara da sanin abin da kake ja. Tirelar gasar tana da tayoyi a baya, da faffaɗan farantin ƙarfe a gaba mai gogar ƙasa, sannan da akwatin nauyi a samanta. Lokacin tashi akwatin yana kan tayoyi, shi ya sa jan yake da sauƙi. Da tafiya ta miƙa sai ya riƙa matsowa gaba har ya danne farantin, farantin ya nitse cikin ƙasa, ya tsayar da kai. Tsawon fili a al'ada ƙafa 300 ne, kimanin mita 91, a Turai kuma mita 100. Idan masu kai ƙarshe sun wuce ɗaya, a ƙara wa tirela wuya su sake karawa.

Motarka tayoyi biyu ne kawai ke cizon ƙasa, don haka duk nauyin da ya zauna a kan tayoyin gaba bai taimaki ja ba. Sarƙa tana tashi daga ƙugiyar motarka ta gangara zuwa gaban tirela. Idan ƙugiya tana sama, sarƙar na danna tayoyin baya ƙasa su ƙara kamu, amma kuma tana ɗaga gaba, kamar amalanken da aka jibga wa kaya a gindi. Gaba ya yi sama da yawa kuwa, ƙugiya ta sauka, dannin ya ragu, motar ta zauna a kan sandunan hana kifewa, tayoyi su saki ƙasa. Abin da ƙwararru ke nema shi ne tayoyin gaba su ɗan tashi kaɗan, su tsaya haka har ƙarshen fili.

Wannan ne ya sa doka ta fi tsanani a kan awo. Ƙungiyar NTPA, wadda aka kafa a 1969 domin daidaita dokokin gasar a Amurka, ta ƙayyade wa babban ajin masu tayoyi biyu nauyin laba 6,200, wato kimanin kilo 2,800, har da direba. Ƙugiya ba ta wuce inci 30 daga ƙasa. Daga tsakiyar aksil na baya zuwa ƙarshen gaban mota, har da ƙarafan nauyi, ba a wuce ƙafa 15. Girman inji ya tsaya a kusan lita 9.4, ana ɗora masa na'urar cusa iska, yana shan metanol, ƙarfinsa ya haura doki 2,000. Kai kuwa a ajin motocin titi kake, inda kowace ƙungiya da kowane biki ke da nasu sharuɗɗa kan taya, tsayin ƙugiya da ƙarin nauyi. Nemi takardar dokokin wurin da za ka shiga, ka karance ta kafin ka ɗaure ko noti ɗaya, domin ana hawa sikeli ana kuma auna ƙugiya kafin a shiga fili.

Ga tsarin da zan ba ka. Da farko ka kai ƙugiya iyakar tsayin da aka yarda, ka kuma matso da ita kusa da aksil gwargwadon doka. A ɗaure ta a jikin ƙashin motar da ƙarfe mai kauri, kada ka kuskura ka maƙala sarƙa a bamba. Na biyu, idan an yarda da ƙarin nauyi, ka sa shi inda za ka iya matsar da shi. Fili mai danshi da laka yana kama taya sosai, sai ka kai nauyi gaba. Busasshen fili mai sakin ƙasa kuma, ka dawo da shi baya. Na uku, iskar taya: ka sauya ta kaɗan-kaɗan, abu ɗaya a kowane ja, ka rubuta sakamako. Wanda ya sauya iska da nauyi da giya a lokaci guda ba zai san wanda ya yi masa aiki ba.

Sai sifirin na baya. Shi ne yake sa mota tsalle-tsalle idan nauyi ya kama, tsallen nan kuma shi ke karya aksil da farfela. Inda doka ta yarda, a toshe shi ko a sa sandunan riƙe aksil. Da zarar ka ji ta fara tsalle, saki totur nan take. Rasa ja ɗaya ya fi ka koma gida da mota a bayan janwe.

Tuƙin ma darasi ne. Ka ja a hankali har sarƙa ta miƙe, ka jira tutar kore, sannan ka taka totur sannu-sannu. Fizga laifi ne, kuma tana tona rami a ƙarƙashin taya. Ka zaɓi giya ɗaya da inji zai iya riƙewa har ƙarshe. Motocin babban ajin NTPA suna da birki daban ga kowace tayar baya, da shi direba ke miƙe hanya idan gaba ya tashi sitiyari ya daina aiki. Taɓa layin gefe ko faɗuwar wani ƙarfe daga jikin mota yana sa a soke jan, jar tuta kuma tsayawa ce ba gardama.

Kada ka yi rowa wajen kayan kariya, ko da ajinka bai tilasta duka ba: hular kwano, bel, tukunyar kashe gobara, zobban ƙarfe da ke riƙe farfela idan ta tsinke, da makunnin baya da ake haɗawa da igiyar tirela domin inji ya mutu idan sarƙa ta kuɓuce. 'Yan kallo da yaransu suna gefen fili, ransu amana ce a hannunka.

Tunda kana Ohio, ka je Bowling Green a watan Agusta, inda ake babbar gasar ƙasa, ko Louisville ta jihar Kentucky a watan Fabrairu. Ka lura da yadda direbobi ke taka fili da ƙafa suna duba danshinsa, da yadda suke matsar da ƙarafan nauyi kafin layi ya zo kansu. Ka gwada haka a motarka tsawon kaka guda. Ranar da tayoyi suka kama ƙasa har inji ya fara shaƙewa kafin su saki, ranar ce ya dace ka kai wa bakanike maganar ƙarin ƙarfi.