Darasi na 12: Na'urar Auna Motsi a Tseren Tsallake Shinge

Ranar 24 ga Yuli, 2022, a birnin Yujin na ƙasar Amurka, 'yar Nijeriya Tobi Amusan ta kafa tarihi a tseren tsallake shinge na mita 100. Ta gama cikin daƙiƙa 12.12, ta shafe bajintar da Kendra Harrison ta yi a 2016, wato daƙiƙa 12.20. Tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba. To, yaya mai horarwa zai gane inda 'yar tsere take ɓata irin wannan ɗan lokaci?

A tseren mata ana jera shinge goma. Tsayin kowanne kusan santimita 84 ne, tsakaninsu kuwa mita 8.5, kuma gwanaye taku uku kawai suke yi a tsakani. Abin mamaki, wadda ta yi tsalle sama sosai ita ke hasara, domin muddin tana cikin iska ba ta ƙara sauri. Sai ƙafa ta taka ƙasa take tura jiki gaba.

A nan ne na'urar auna motsi take da amfani. 'Yar ƙarama ce kamar akwatin ashana. Ana ɗaura ta a idon sawu, ko bisa takalmi, ko a ƙugu. Wani sashe nata yana auna ƙaruwa da raguwar sauri, wani kuma yana auna juyawar gaɓa. Akwai irinsu a cikin wayar hannu, shi ya sa hoto yake juyawa in an kwantar da waya. Na'urar takan ɗauki awo sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda, ta aika wa kwamfuta. Daga nan mai horarwa zai ga tsawon lokacin da ƙafa ta yi a ƙasa, da wanda aka yi a iska, da shingen da gajiya ta fara bayyana. Amma fa in ba a ɗaura ta tamau ba, sai ta yi ta rawa, awon ya lalace.

A filin makaranta a Assakio, ko filin wasa na Lafiya, agogo malami yake riƙewa. Agogo kuwa jimillar lokaci kaɗai yake faɗa, ba ya nuna inda aka yi hasarar.

Ma'anar Kalmomi
bajinta: aikin gwaninta
tazara: nisan da ke tsakani
tamau: da ƙarfi, ba sako-sako ba

Tambayoyi
1. Me ya sa tsalle sama sosai yake jawo hasara?
2. Me na'urar take nunawa wanda agogo ba ya nunawa?
3. Yi jimla biyu da kalmar "muddin".