Darasin Aikin Hannu: Gyaran Lambun Gida da Katangarsa

Darasinmu na wannan fitowar a kan lambun gida yake, wato ɗan filin nan na bayan ɗaki ko na gefen rijiya inda ake shuka zogale da alayyafo da yakuwa, tare da abin da ya kewaye shi: katanga, da shinge, da bakin fangali. Kada ka ce ai wannan aikin birkila ne, ba ruwan ɗan makaranta. Idan damina ta yi nisa, tsakanin Agusta da Satumba, akan ji labarin katanga ta faɗi a unguwa, wani lokaci a kan awaki, wani lokaci kuma a kan yara masu wasa a gindinta. Irin wannan katanga takan daɗe tana nuna alamu, sai dai ba a sami mai lura ba. To muna so ka zama mai lurar nan a gidanku.

Na Farko: Ka San Garin Da Kake Ciki

A shekarar 1917 Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna. Gidajen da suka gina wa manyan ma'aikata a unguwar Turawa suna da fili mai faɗi, kuma galibi shingen itatuwa ne ya kewaye su. A unguwannin talakawa kuwa, danga da zana da katangar ƙasa aka sani. Yau ka zaga Unguwar Sarki, Unguwar Kanawa, Unguwar Dosa, Malali, Badarawa har Kawo, bulo ne ya mamaye ko'ina. To amma ruwan sama bai canza hali ba don an canza kayan gini.

Kaduna tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,200 a shekara, fiye da na Kano, kuma ya fi na Katsina da Sakkwato nesa ba kusa ba. Bari mu yi ɗan lissafi. Milimita 1 na ruwa a kan murabba'in mita 1 lita 1 ke nan. Idan rufin gidanku murabba'in mita 100 ne, a damina ɗaya zai zubo da lita 120,000, wato duro 600 mai cin lita 200. Ka ga kuwa duk wannan ruwa sai ya sami hanyar fita. In ba a yi masa hanya ba, zai yi wa kansa, kuma ta gindin katanga yakan bi.

Ƙasa ma iri-iri ce. A kan tudu jar ƙasa ce mai marmara a ƙarƙashi, tana riƙe gini. Kusa da kogi da rafuka kuwa laka ce ta fadama, wadda kan kumbura da damina ta tsage da rani, gini na kanta yana motsi tare da ita. Mutanen bakin kogi, irin na Kabala da gangaren Unguwar Rimi, ba su manta ambaliyar 2003 da ta 2012 ba. Wanda gidansu ke irin wannan wuri, harsashinsa sai ya fi na mutumin tudu zurfi da faɗi.

Na Biyu: Duba Kafin Gyara

Ka ɗauki igiya ka ɗaura mata ɗan dutse, ka sako ta daga saman katanga. In dutsen ya yi nesa da gindi, ko igiyar ta kwanta a jikin bango, to katangar ta karkata. Sannan ka duba tsaga. Siririyar tsaga ta saman filasta ba abin tsoro ba ce, ana liƙe ta. Amma tsagar da ta bi layin bulo kamar matakala, ko wadda samanta ya fi ƙasanta faɗi, tana gaya maka harsashi ya zauna ta gefe ɗaya. Wannan ko ka cika ta da siminti za ta sake buɗewa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa ruwa ne ƙadangaren.

Ka kuma duba gindi. Akwai gansakuka? Bulon yana marmashewa in ka ƙwaƙule shi da ƙusa? Ƙasar cikin gida ta fi ta waje tudu? Duk katangar da ta karkata har ido na iya gani, a hana yara zama gindinta tun yau, a sanar da maigida, a sauke ta da hannu tun kafin ruwa ya sauke ta.

Na Uku: Iyaka Da Haƙƙin Maƙwabci

Kafin a haƙa rami ko ɗaya, a nemo duwatsun iyaka na siminti da masu awo suka binne a kusurwoyin fili, a gwada su da takardar fili. A jihar Kaduna hukumar KADGIS ce ke riƙe da bayanan filaye, hukumar KASUPDA kuma ita ke ba da izinin gini a birni, katanga ma gini ce. Da aka shiga aikin faɗaɗa titunan Kaduna daga 2019, katangu da yawa da ke kan filin hanya sun tafi. Ɗan taƙi biyu da mutum ya ci daga titi ko lambatu, wata rana shi zai jawo masa asarar katanga sukutum.

Ka kira maƙwabci ya tsaya a ja igiya a gabansa. Wannan magana ta katanga tana cikin littattafan da kuke karantawa. Shehu Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya kawo a cikin Risala cewa bai kamata mutum ya hana maƙwabcinsa kafa itace a jikin bangonsa ba, ko da yake alƙali ba zai tilasta shi ba. Ya kuma kawo cewa ɓarnar da dabbobi suka yi wa shuka da dare tana kan masu dabbobin, ta rana kuwa ba ta kansu, domin da rana mai lambu ne ya kamata ya tsare abinsa. Malamai sun yi wa wannan hukunci sharuɗɗa, sai ka nemi ƙarin bayani wurin malamin fiƙihu. Abin da za ka riƙe a nan shi ne, shinge aikin mai lambu ne. Haka kuma kada ka juya bakin indararo ko kwata zuwa gidan wani, kada ka bar reshen itacenka yana zubar da ganye a rijiyarsa.

Na Huɗu: Katangar Bulo

Ga ƙa'idojin da za ka sa wa ido ranar da birkila ya zo.

1. Harsashi. A haƙa har a tarar da ƙasa mai tauri, aƙalla ƙafa 2. Faɗin rami ya zama ninki uku na kaurin bulo. A zuba kankare: siminti kwano 1, yashi 3, tsakuwa 6.

2. Bulo. Akwai mai inci 6 da mai inci 9. Na cikin ƙasa ya zama mai inci 9, a cika ramukansa da kankare. Bulon da kusurwarsa ke ɓarewa da ɗan yatsa an yi masa rowar siminti, kada a saya. Araha ba ta ado.

3. Kwaɓi. Siminti 1, yashi 6. Buhun siminti kilo 50 ne, yana cika kwanon sarki 2, saboda haka buhu ɗaya yashi kwano 12 ke nan.

4. Ginshiƙi. Kowace mita 3, da kowace kusurwa, da gefen ƙofa biyu, a tsayar da ginshiƙi mai rodi a ciki, kankarensa 1, 2, 4. Doguwar katanga marar ginshiƙi iskar farkon damina kaɗai ta ishe ta.

5. Mafitar ruwa. A layin bulo na daidai ƙasa a bar ƙananan kafofi da guntun bututu, suna kallon lambatu, a sa musu raga saboda ɓera da maciji.

6. Ban ruwa. A riƙa jiƙa sabon gini safe da yamma har kwana 7. Siminti da ruwa yake ƙarfi, in ya bushe da wuri sai ya yi gautsi. Da hunturu, iska na shanye ruwa nan da nan, sai an ƙara kula.

Ga lissafin bulo. Tsawon bulo ɗaya santimita 45 ne. Katanga mai tsawon mita 15, wato kimanin ƙafa 50, tana cin bulo 33 a layi ɗaya. Layi 9 a sama, wanda zai ba ka tsayin mita 2, bulo 297 ke nan. Layi 2 na cikin ƙasa, 66. Jimla 363. Ka ƙara kamar 20 saboda masu fashewa. Wanda ya iya wannan lissafi ba a yi wa babansa cuwa-cuwa.

Na Biyar: Katangar Ƙasa, Danga Da Shinge Mai Rai

Ba kowa ke da kuɗin siminti ba, kuma ba abin kunya ba ne. Katangar ƙasa tana daɗewa in an tsare kanta da ƙafarta: a sama a yi mata hula ta kwano ko ciyawa, a ƙasa a jera duwatsu a yi gangare don ruwa ya gudu. Maginan Kano da Zariya suna shafe bango da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, don ya rage shan ruwa. Yaɓe kuwa duk shekara ne, da rani.

Danga da zana babban abokin gabarsu gara ce. A babbaka gindin turaku kafin a binne, kuma kada a bar zana ta taɓa ƙasa.

Shinge mai rai shi ya fi sauƙin kuɗi. Manoman Katsina da Sakkwato da Maraɗi suna kewaye gonaki da aguwa, wadda ta fi son ƙasa mai ƙarancin ruwa. A nan Kaduna cindazugu yana kamawa da reshe kawai, awaki kuma ba sa cin sa. To amma fa a kula: 'ya'yansa guba ne, yaro ya ci sai amai da gudawa. Gidan da ke da ƙananan yara ya haƙura da shi, ya shuka lalle, wanda in an jera shi kusa da kusa ana aske masa kai yakan yi duhu, ga kuma amfani ga mata. Zogale ma yana yin layi mai kyau ta cikin gida, sai dai shi awaki ba sa ɗaga masa ƙafa.

Na Shida: Itace Da Katanga

Dogonyaro, wanda Kanawa ke kira darbejiya, asalinsa daga Indiya ne, a 1928 aka fara shuka shi a Barno. Inuwarsa ni'ima ce, amma saiwarsa tana tafiya nesa. Haka mangwaro. Turare da malaina kuwa, irin waɗanda aka shuka a gandun dajin Afaka ta wajen Mando, itatuwan daji ne, ba na ɗan tsakar gida ba. Babban itace a ba shi aƙalla mita 5 daga katanga da rijiya da masai. Gwaiba da lemo mita 3, gwanda ƙasa da haka. Ɗan dashen da ka riƙe da hannu ɗaya yau, ka tuna wata rana mutum biyu ne za su rungume shi.

Na Bakwai: Bakin Fangali Da Ciyawa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tara ƙasa a jikin katanga a shuka alayyafo, ana ban ruwa kullum. Wannan jiƙa harsashi ne da hannunka. Ka bar ƙafa 2 tsakanin fangali da bango. Faɗin fangali kada ya wuce ƙafa 4, yadda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da an taka ba. A kewaye bakinsa da guntayen bulon da suka rage ko duwatsun marmara, a binne kashi ɗaya cikin uku don kada su tuntsure. Fasassun kwalabe ba su dace da gida mai yara ba. Tsohuwar taya kuwa, in ba a cika ta da ƙasa ba, ruwa zai kwanta a cikinta ta zama gidan sauro.

Mai son ɗan filin ciyawa ya dasa kiri-kiri, tana jure taku da fari. Sai dai tana da kutse, tana rarrafe ta sama da ta ƙarƙashin ƙasa. A yanka mata iyaka da shebur, zurfin taƙi ɗaya, a riƙa sabunta yankan duk wata da damina. Aya-aya da tofa ba a yanke su, tono su ake yi har saiwa, in ba haka ba bayan mako guda sun dawo. Inda fili yake da gangare ruwa na kwashe ƙasa, a dasa layin jema a gicciye. Saiwarta ƙasa take nutsawa, tana riƙe ƙasa kuma ba ta bazuwa.

Lokacin Aiki

Gini da yaɓe daga Nuwamba zuwa Maris. Yashe lambatu da buɗe kafofin ruwa a Afrilu. Dashen shinge da itatuwa da ciyawa idan ruwa ya zauna, a ƙarshen Mayu zuwa Yuni. Agusta kuwa watan sa ido ne, bayan kowane ruwa mai ƙarfi ka zaga katanga ka duba.

Tambayoyi

1. Rufi mai murabba'in mita 60 duro nawa na ruwa zai zubo a damina ɗaya a Kaduna?
2. Wace irin tsaga ce ke nuna harsashi ya zauna?
3. Katanga mai tsawon mita 30, layi 9 a sama da 2 a ƙasa, bulo nawa za ta ci?
4. Me ya sa ba a so a shuka cindazugu a gida mai ƙananan yara?

Aikin gida: ka gwada katangar gidanku da igiya da dutse, ka zana taswirar gidan a littafinka, ka nuna da kibiya inda ruwa ke bi ya fita. Ka nuna wa mahaifinka cikin ladabi, sannan ka kawo wa malamin ajinku ranar Asabar.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya sa albarka a abin da muka shuka. Wassalamu alaikum.