Darasin wannan wata: abubuwan da ba su hannun manomi, amma su ke yanka kuɗɗin buhu



Noma sana'a ce. Cikin wannan sana'a akwai abin da ke hannunku: zaɓen iri, zuba taki, noman fari da maimai, ban ruwa kan lokaci. Akwai kuma abin da ba ya hannunku: ruwan sama, darajar naira, iyaka, dokar gwamnati, tsadar mai. Waɗannan ba ku iya juya su. Amma kuna iya sanin inda suka dosa tun kafin ku yanke shawarar abin da za ku shibka da ranar da za ku saida.

Mu fara da gujiya, tun da tsofaffinmu sun ga abin da idonsu. A shekarun 1960, gujiya ita ce babban abin da Nijar ke saidawa waje. An kafa SONARA a 1962 don sayenta, kuma akwai injinan matsar mai a Maraɗi da Matamai. Lokacin nan Faransa tana sayen gujiyarmu da kuɗɗin da ya fi na kasuwar duniya. Wajen 1967 wannan gata ta ƙare. Sai fari ya biyo baya, ya tsananta a 1973. A 1975 kuma cutar kuturun gujiya, wadda ɗarɓa ke yaɗawa, ta cinye gonaki. Manoman nan ba ragwaye ba ne, ba su manta noma ba. Abubuwa ukku ne daga waje suka haɗu musu. Waɗanda suka lura da wuri suka koma ma wake, don Najeriya tana bukatarsa.

To amma mai saida ma Najeriya dole ya san zancen naira. Ku ɗauki alli ku bi wannan lissafi. A ce buhun wake jikka 20 ne. In naira 1.000 tana canza jikka guda, ɗan kasuwar Kano zai biya naira 20.000. In naira ta faɗi, naira 1.000 ta koma rabin jikka, buhun nan ɗai zai ci masa naira 40.000. Buhunku bai ƙaru ko da tiya guda ba, amma a wurinsa ya ninka. Me zai yi? Ko ya rage saye, ko ya taya da arha. Haka ta faru bayan watan Yuni na 2023: dalar Amurka guda, da ake canzawa wajen naira 460 a banki, ta wuce naira 1.500 a farkon 2024. Masu raguna da masu wake sun ji a jikinsu. A watan Mayu na 2023 kuma gwamnatin Najeriya ta janye tallafin mai, kuɗɗin lita ya ninka kusan sau ukku, kuma masu injin ban ruwa a ƙauyukan bakin iyaka, da suka saba da wannan mai, su ma suka biya.

Akasin haka ya taɓa faruwa. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Taki da magani da kayan inji suka yi tsada, amma bisashenmu da wakenmu suka yi ma baƙi arha, suka yi ta saye. Albasar Holan ta yi ma mutanen Abijan tsada, albasar Galmi ta samu shiga. Canji guda, wani ya ci riba, wani ya faɗi. Shi ya sa in kun ji labarin canji, tambayar farko ita ce: ni mai saye ne daga can, ko mai saidawa?

Sai iyaka. Wannan ta fi naira zafi, don rana guda ake rufe ta. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, ba ta buɗe Illela da Maigatari ba sai Disamba 2020. A ƙarshen Yuli na 2023 CEDEAO ta sa takunkumi, hanyar Najeriya da ta Benin suka toshe, ba a ɗage shi ba sai Fabrairu 2024. Manyan motoci suka koma bin Burkina, tafiya ta yi tsawo, ana jiran rakiyar soja. Wake yana iya jira in an zuba shi cikin buhu mai ruɓi ukku an ɗaure baki da kyau. Albasa ba ta jira cikin mota da rana. Kuma duk kwanan da mota ta ƙara a hanya, ɗan kasuwa daga kuɗɗin buhunku yake cire shi.

Doka ma tana iya fitowa daga gida. A watan Oktoba na 2024 gwamnatinmu ta hana fidda hatsi da dawa da masara da shinkafa da wake zuwa waje, ban da Mali da Burkina, don cimaka ta wadata cikin ƙasa. Saboda haka kada ku amshi kuɗɗin baƙo kan alkawalin amfanin da bai nuna ba, sai kun tambayi ma'aikacin gona ko shugaban ƙungiyarku abin da doka ta ce a wannan shekara.

Yanzu ga aikin da za ku yi da wannan sani. Mai albasa a Galmi ko Madawa ko Tsarnawa ya san a watan Maris da Afrilu kowa na hako, kasuwa ta cika, buhu ya faɗi. Ya saida, ko ya sa a rudu? Mu yi misali. A ce yana da buhu 10, ana taya kowane jikka 10. In ya saida yau, jikka 100 ke nan. In ya aje wata biyar, a ce ruɓa da ƙyamushewa sun ci buhu 3, saura 7. Gyaran rudu da ladan masu tsincewa, a ce jikka 12. To abin da ya sa ciki jikka 112 ne. Ku raba 112 gida 7: jikka 16. Wannan lamba ita ce ya kamata ya rubuta ya riƙe. In buhu ya kai jikka 25, ya samu 175, ribarsa jikka 63. In hanya ta toshe buhu ya tsaya jikka 12, ya samu 84, ya faɗi da jikka 28. Kuma kada ya wuce lokaci, don wajen ƙarshen shekara albasar damana ta Agadas tana shigowa kasuwa.

A ganina, wanda ke da bashin taki ko na iri bisa kansa bai kamata ya aje duka ba. Ya saida abin da zai biya bashi da cimakar gida, saura ya aje. Mai wake da ke cikin ƙungiya yana da wata hanya: a sa buhuna a magaza a kulle, asusu ya ba da rance a kansu, a saida in kasuwa ta tashi.

Ba duk abin waje ne ke zuwa ba zato ba. Sallar Layya tana matsowa da kwana 11 kowace shekara, mai kiwon rago yana iya ƙirga ranar da zai ɗaure shi tun da wuri. Masu binciken yanayi a Yamai suna faɗin yadda suke hangen damana tun kafin ruwan shibka. In sun ce za ta yi gajarta, ku nemi hatsi mai saurin nuna, irin HKP.

Aikin gida: kowa ya ware shafi guda cikin littafinsa, ya ja layi huɗu. Kowace ranar kasuwa ya rubuta kuɗɗin tiyar hatsi, na buhun abin da yake nomawa don saidawa, canjin naira 1.000, da kuɗɗin litar mai. Kuɗɗin wasu kasuwanni kuna jinsu a rediyo daga ma'aikatan SIMA, ku rubuta su gefe. Bayan kasuwa takwas ku taru da malamin yaƙi da jahilci ku gwada shafunanku, ku ga wane layi ne ya fara motsi kafin buhu ya tashi ko ya faɗi a garinku.