Takardar Neman Aiki da Yadda A Ke Aika Ta

Mutanen Panshekara da yawa a masana'anta su ke neman abincinsu. Ga Challawa nan kusa, a bakin kogi, inda a ke jimar fata. Ga Sharada a kan hanyar shiga birnin Kano. Bompai kuwa, wadda ta girme su, tana can gabas da birni. Tun daga shekarun 1980 masana'antu da yawa sun rufe, musamman na saƙa, saboda ƙarancin wutar lantarki da yawan kayan waje. Aiki ya ragu, masu nema sun ƙaru. A dā mutum ya kan tsaya a bakin ƙofa, helima ya dube shi, ya ce ya shigo. Yanzu sau da yawa tambayar farko ita ce, "Ina takardarka?"

Takardar nan ita ce ma'aikatan ofis ke kira CV, watau tarihin aikin mutum a taƙaice. Shafi ɗaya ya isa.

Ka fara da sunanka, daidai yadda ya ke a katin ɗan ƙasa mai lambar NIN. In kati ya ce Muhammadu, kada takarda ta ce Mamman, domin akawu ba ya san ka ba ne, zai ɗauka mutum biyu ne. Sa'an nan unguwarku, da ƙaramar hukumarku, watau Kumbotso, da lambar wayar da ke hannunka kullum.

Daga nan sai ayyukan da ka yi, kowane da shekarunsa, na bayan nan a sama. Nan ne mutanenmu su kan cuci kansu. Wani ya shekara huɗu yana koyon walda a wurin ubangidansa, amma ya ƙi rubutawa, wai ba makaranta ba ce. Rubuta! Ka ce, "Koyon walda, 2018 zuwa 2022. Na iya haɗa ƙofa da taga da tankin ruwa." Manaja abin da hannunka ya iya ya ke nema. In kana da takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ka faɗi matakinta, na 3 ko na 2 ko na 1. Na 1 shi ne babba. A ƙasa ka sa sunan mutum biyu da za su shaide ka, amma ka nemi izininsu tukuna.

To, an gama rubutu da hannu. Sai ka kai shagon buga takardu, a buga maka a kwamfuta. Abin da a ka buga a ka ajiye cikin na'ura, shi a ke kira fayil. Fayil kuwa iri-iri ne, a nan ne za ka buɗe kunne.

Mai shago zai buga ta a Word. Fayil na Word kamar allo ya ke: a wanke, a sake rubutu. In ka sami sabon aiki ko ka canja lambar waya, a nan za a gyara, ba sai an sake bugawa daga farko ba. Amma yana da aibi. Kowa ya same shi zai iya taɓa shi, kuma in an buɗe shi a wata na'ura dabam, layuka su kan goce, shafi ɗaya ya koma biyu. Saboda haka wannan naka ne na ajiya. Kada ka aika shi sai in kamfani da kansa ya ce shi ya ke so.

Na aikawa shi ne PDF, wanda kamfanin Adobe na Amurka ya fito da shi a 1993. Shi kamar rubutun tawada ne da ya bushe a takarda. Yadda ya bar shago, haka zai isa ofis, ko a waya a ka buɗe shi ko a kwamfuta. Mayar da Word zuwa PDF aikin minti ɗaya ne. Ka ce wa mai shago, "Malam, a ba ni duka biyun." Ka kuma ce ya sa wa fayil sunanka da sana'arka, misali "Wane ɗan Wane, mai walda". Akawu yana da takardu tuli, wadda ba ta da suna ita ce ta kan ɓace.

Wasu su kan ɗauki hoton takarda da waya su tura ta WhatsApp. In ba a sami wata hanya ba, to. Amma hoto ya kan fito da inuwa, ko a karkace, ko da yatsan mai ɗauka a gefe, ƙananan baƙaƙe kuma su dushe.

Har wa yau akwai inda a ke karɓar takarda a hannu, a ɗakin maigadi ko a ofishin ɗaukar ma'aikata. Don haka ka buga kwafi uku ko huɗu, ka sa su cikin ambulan, kada ka ninke su a aljihu. Satifiket ɗinka kuwa, kwafinsa za ka haɗa. Na asali sai ranar da a ka kira ka, ka nuna, ka koma gida da abinka. Kada ka rubuta lambar asusunka na banki ko BVN a takardar. In wani ya ce ka biya kuɗi ya sama maka aiki, riƙe kuɗinka.

Kafin ka bar shago, ka karanta takardar da kanka, a hankali, musamman lambar waya. Lambobi 11 ne. In ɗaya ta kuskure, wani za a kira, kai kuwa kana gida kana jira. Sa'an nan ka sa a tura fayil biyun cikin wayarka, domin kwamfutar shago ta kan lalace.

Aikin aji: kowa ya rubuta sunansa, da lambar wayarsa, da aikin da ya yi na bayan nan tare da shekarunsa. Sa'an nan ya miƙa wa na kusa da shi ya karanta da ƙarfi.